Dam A Bayan Gari: Noman Rani, Wasan Ruwa Da Cutar Tsargiya

Mai karatu, idan ka taɓa zama a Ɗambatta, Bagwai ko Minjibir, ka san yadda shekara take rabuwa gida biyu. Daga Yuni zuwa Satumba kowa yana gona: gero, dawa, gyaɗa da wake. Yankin nan cike yake da jama'a, gona tana jikin gona, ba a barin fili ya huta, takin gida ne yake riƙe da ƙasar. Da ruwa ya ɗauke kuma, wanda bai tafi cin rani ba sai ya nufi bakin dam.

Dam ɗin Tomas a wajen Ɗambatta, na Watari a Bagwai da na Wasai a Minjibir suna cikin madatsun ruwan da aka yi wa Kano a shirin da gwamnatin Audu Bako ta faro. Sun sauya rayuwar ƙananan garuruwa sosai. Manomi ya samu lambun tumatir, albasa da attaruhu da rani, masunci ya samu kifi, makiyayi ya samu mashaya. Ga kuma shaƙatawa kyauta: yara suna iyo da kurme, samari suna hawa kwale-kwale a yawon sallah, wani kuma ya zo shan iska kawai. To amma a cikin wannan ruwan akwai wani baƙo da ido ba ya gani, kuma shi ne dalilin rubutunmu na yau.

Mece ce tsargiya?

Tsargiya, wato fitsarin jini, wata tsutsa ce take kawo ta mai suna Schistosoma. Likitan nan ɗan Jamus, Theodor Bilharz, shi ya fara gano ta a birnin Alƙahira a 1851. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum sama da miliyan 250 ne suke buƙatar maganin kariya daga cutar, mafi yawansu a Afirka, kuma Najeriya tana sahun gaba.

Mutane da yawa suna zaton shan ruwan ne yake kawo ta, wasu su ce tsallake fitsarin mai cutar ne, wasu su ce zafin rana. Gaskiyar ita ce, ta fata take shiga.

Ga yadda abin yake zagayawa. Mai cutar ya yi fitsari a cikin ruwa ko a bakinsa, ƙwan tsutsar ya fita tare da fitsarin ya ƙyanƙyashe. Abin da ya fito ba zai iya kama mutum ba tukuna, sai ya fara shiga jikin wani ɗan ƙaramin dodon koɗi da yake maƙalewa a ciyayin gefen ruwa. A nan zai hayayyafa na tsawon makonni huɗu zuwa shida, sannan dubban 'ya'yan tsutsa masu wutsiya su riƙa fitowa suna iyo. Da sun taɓa fatarka sai su huda su shige cikin 'yan mintoci. Wani zai ji ɗan ƙaiƙayi, wani ko hakan ba zai ji ba.

Daga nan sai su bi jini su girma, su tare a jijiyoyin da suke kewaye da mafitsara, inda za su iya yin shekaru suna saka ƙwai. Ƙwan nan yana da 'yar ƙaya, kuma shi ne yake ji wa bangon mafitsara rauni a hanyarsa ta fita. Shi ya sa jinin yakan zo a ƙarshen fitsari.

Me ya sa dam, me ya sa yara?

Dodon koɗin yana son ruwa mai kwanciya ko mai tafiya a hankali, mai ɗumi da ciyawa. Ka ga kenan gefen dam, kududdufi da magudanan lambu gida ne a gare shi. Sannan 'ya'yan tsutsar sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da zafi yake koro yara zuwa ruwa. Manomin da yake tsaye a magudana ba takalmi, da masunci, da mai wanki, duk suna cikin hatsari ɗaya.

A wasu wurare har yau ana ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar balaga ga yaro namiji. Wannan kuskure ne mai tsada. Cutar tana jawo ƙarancin jini, kasala da koma baya a karatu. Idan ta daɗe tana iya toshe hanyar fitsari, ta taɓa ƙoda, har ta kai ga sankarar mafitsara. Mata ma ba su tsira ba: ƙwan yana iya zama a al'aura da mahaifa, ya kawo ciwo, zubar jini, wani lokaci har da matsalar haihuwa.

To, sai a daina zuwa dam?

A'a, ai ba zai yiwu ba, a nan abincin mutane yake. Abin da za a yi shi ne a katse zagayen:

Na farko, kada a yi fitsari ko bahaya a ruwa ko kusa da shi. Idan ƙwai bai shiga ruwa ba, dodon koɗi ba shi da abin yaɗawa.

Na biyu, mai aikin lambu ya sa dogon takalmin roba idan da hali, a kuma rage daɗewa a ruwa da tsakar rana.

Na uku, ruwan wanka da aka ɗebo daga dam a tafasa shi, ko a ajiye shi a mazubi ya kwana biyu. 'Ya'yan tsutsar ba sa wuce hakan a raye idan ba su samu jikin mutum ba.

Na huɗu, akwai magani mai suna Praziquantel, wanda ake raba wa ɗalibai a makarantu gwargwadon tsayin yaro. Idan aka zo rabo, ka bar ɗanka ya sha, kuma ya ci abinci kafin nan. Sai dai ka sani, maganin yana kashe tsutsar da take jiki ne, ba ya hana sake kamuwa, don haka ake maimaita shi.

Idan ka ga jini a fitsarinka ko na yaronka, kada ka jira ya wuce da kansa. Ku je asibiti mafi kusa a auna fitsarin. Gwajin ba shi da wahala, kuma idan aka kama cutar da wuri ana warkewa. Allah Ya ƙara mana lafiya.