Darbejiya a matsayin bishiya mai mamaye wuri

Darbejiya (Azadirachta indica), wadda ake kira dogon yaro, maina ko bedi, bishiya ce 'yar asalin yankin Indiya da Bama, kuma danginsu ɗaya da maɗaci. An kawo ta Afirka ta Yamma domin inuwa da itace, amma a wurare da dama ta fi ƙarfin masu shuka ta, tana fitowa da kanta a lambuna da gonaki da dazuzzuka. Dabbobin da ke cin 'ya'yanta su ne kan gaba wajen yaɗa ta.

Shigowarta Afirka ta Yamma

An yawaita dasa darbejiya a Ghana zamanin Gwamna Guggisberg (1919 zuwa 1927). An kai ta lardin Barno a 1928, daga nan ta bazu a arewacin Najeriya. A Nijar, tun daga 1975 aka riƙa dasa ta layi-layi a kwarin Majiya, cikin jihar Tawa, domin kare gonaki daga iska. Ta samu karɓuwa ne saboda tana jure fari, tana girma da sauri, kuma gara ba ta cika cin itacenta ba.

Dabbobin da ke cin ta

'Ya'yan darbejiya kan zama rawaya idan sun nuna. Suna da ɗan zaƙi a tsoka, da ƙwallo ɗaya a ciki. Jemage, musamman nau'in Eidolon helvum mai kwana garke-garke a bishiyoyin birane irin su Akara, yakan tsinki ɗan da dare ya kai wata bishiya, ya tsotse tsokar ya yar da ƙwallon. Shi ya sa ake ganin ƙananan darbejiya cunkushe a ƙarƙashin mangwaro ko tsamiya, inda babu wanda ya shuka su. Tsuntsaye masu cin 'ya'yan itace da birai ma suna ɗaukar irin zuwa nesa. Ƙudan zuma na zuwa wa furenta, awaki da raƙuma kuma suna cin ganyenta da rani duk da ɗacinsa. Ƙwari da yawa kuwa suna gudun ta saboda sinadarin azadirachtin da ke cikinta.

Illolinta

Darbejiya kan fara 'ya'ya tana da shekara 3 zuwa 5. Idan aka sare ta, kututturen yakan sake tofo, saiwoyin ma su fitar da sababbin tsirrai. Inda ta yi yawa, inuwarta na danne ciyawa da ƙananan itatuwan asali, kamar yadda ya faru a filayen da ke kewaye da Akara. A Yankin Arewa na Ostireliya, hukuma ta sa ta cikin tsirran da doka ta wajabta a shawo kansu, saboda yadda take cika bakin koguna.

Hanyoyin shawo kanta

Hanya mafi sauƙi ita ce tuge ƙananan tun da damina, lokacin da ƙasa ke da laushi, kafin saiwar ta yi zurfi. Tsince 'ya'yan domin yin mai, sabulu ko maganin ƙwari yana rage irin da zai tsiro. Idan za a sare manya, yana da kyau a maye gurbinsu da itatuwan gida irin su kanya, ɓaure da ɗinya, domin jemagu da tsuntsayen da suka saba da 'ya'yanta su samu abin ci.