Huhun Dabba Mai Ruwa: Kada Ki Jefa Wa Kare

'Yar'uwa, ko a Isa kike ko a Sabon Birni, kin sha gyara kayan ciki, musamman ran Layya. To, wata rana kin taɓa ganin wata 'yar jaka fara cike da ruwa a jikin huhu ko hantar tunkiya? Galibinmu mukan yanke wurin mu wurga bayan gida, kare ya lashe. Nan ne ɓarnar take.

Jakar nan gidan 'ya'yan wata tsutsa ce. In kare ya ci, sai su girma cikin hanjinsa, tsawon kowace bai kai rabin santimita ɗaya ba galibi, amma ƙwayayenta na fita cikin kashinsa su bi ƙasa da ciyawa da ruwa. Akuya ta haɗiya, raƙumi ya haɗiya, yaronki da ke wasa da ƙasa shi ma ya kai hannu baki. Likitocin dabbobi sun sha samun jakar nan a huhun raƙuman da ake yankawa a Sakkwato da Kano. Ki lura, mutum ba ya ɗaukar ta ta wajen cin naman. Ta wajen kare take zuwa.

A jikin mutum ta fi zama a hanta, sa'an nan huhu. Takan yi shekaru tana girma shiru. Daga baya sai tari, da ciwon ƙirji, wani lokaci har da jini, a yi ta zaton tarin fuka ne. In ta fashe, mutum yakan tofar da ruwa mai ɗanɗanon gishiri. Wannan kam ba na jira ba ne. A tafi asibiti a nemi hoton ƙirji, in ya kama a wuce Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Na san abin da ke tsorata mu: fiɗa. Dā sai an tsaga gefen ƙirji, an buɗa tsakanin haƙarƙari. Amma tun wajen 1990 likitoci suka soma wata dabara, watau a huda 'yan ƙofofi biyu ko uku, a zura siririyar kyamara, likita na duban allo. Ya zuƙe ruwan a hankali, ya zare jakar, ya ɗinke gurbin. Hankalin nan wajibi ne, don in ruwan ya zube cikin ƙirji yana iya sumar da mutum, ko ya haifi sababbin jakunkuna. Zafin ya fi sauƙi, kwanan asibiti ya ragu, tabon ɗan kaɗan. Akan haɗa da ƙwayar albendazole.

Sai dai ba kowane asibiti ke da kayan aikin ba, kuma jakar da ta yi girma ƙwarai har yanzu tsagawa ake yi. Jinkiri shi ke kai mutum ga babbar wuƙa.

Mutanen New Zealand, masu tumaki da yawa, sun hana karnuka ɗanyen kayan ciki, suna ba su maganin tsutsa, har a 2002 aka ce cutar ta kau daga ƙasarsu. Ke ma in kin ga jakar nan, ki ƙone ta ko ki binne da zurfi, ki gaya wa Maigida ya faɗa wa mahauta, yara kuwa su wanke hannu da sabulu kafin tuwo.