Minjirya Da Lantarkin Da Ke Cikin Tsoka

Duk Basarken da ya taɓa jan taru a tafkin Kainji, daga Yawuri har Ngaski, ya san zafin bugun minjirya, wanda ƙarfinsa kan kai bolt 350. To, jama'a, ku sani kowace tsoka mai motsi tana fid da lantarki, sai dai nata ɗan ƙanƙane ne ƙwarai. Galvani, mutumin Italiya, ya nuna alamar haka a 1791 da ƙafar kwaɗo. Yau masana kan cusa waya siririya kamar gashi cikin tsokar ɓera, su bar shi ya yi tafiya, na'ura tana rubuta lokacin da kowace tsoka ta kama aiki. Da wannan awo suke neman hanyar taimakon waɗanda jikinsu ya shanye.