Kwaɗon kayan lambu

Garin Malanbil yana bakin kogin Kwara, daura da Gaya. Da rani, masu lambu sukan kawo albasa da tumatir da salak kasuwa. Cin su ɗanye yana da amfani, domin wuta tana rage bitamin C, mai hana dasashi zubar da jini.

Amma ruwan kogi da ake ba shuka yakan ɗauko ƙwayoyin zawo da kwalara. Sai a wanke hannu da sabulu, a wanke kayan sosai da ruwa mai tsabta. Sannan a yayyanka, a barbaɗa ƙuli-ƙuli da gishiri, a matsa lemun tsami. Kwaɗo ya haɗu.

Rogo mai ɗaci kuwa ba a cinsa ɗanye, yana da guba. Sai an jiƙa shi kwanaki, an dafa.