Tikitin Jirgin Sama da Sukar Jaridu a Amurka

Ran Lahadi 9 ga Afrilu, 2017, da yamma, wani jirgin sama na kamfanin United ya shirya tashi daga filin O'Hare na birnin Shikago zuwa Louisville, cikin jihar Kentucky. Jirgin ƙarami ne, kujerunsa 70, ko wace kuwa da mai ita. Fasinjoji sun shiga sun zazzauna, sai aka zo aka ce akwai ma'aikatan jirgi huɗu waɗanda tilas su kwana Louisville, don su tashi da wani jirgin kashegari. Saboda haka ana neman mutum huɗu su sauka, su bari sai gobe.

Da fari aka yi tayin dala 400 da masauki, aka ƙara ya kai 800, yadda fasinjojin suka ba da labari. Amma fa ba tsabar kuɗi ba ne, takarda ce wadda mutum zai sayi wani tikiti da ita a kamfanin nan gaba. Ba wanda ya motsa. Da aka ga haka sai kamfanin ya zaɓi mutum huɗu da kansa. Uku suka sauka. Na huɗun, wani dattijo likita ɗan shekara 69, ya ce shi ba ya sauka, gama yana da marasa lafiya da za shi duba da safe. Aka kirawo masu tsaron filin jirgi, suka fizge shi daga kujera, suka ja shi ƙasa ta hannuwa har ƙofa, fuskarsa duk jini. Daga baya lauyansa ya ce hancinsa ya karye, haƙoransa biyu na gaba sun fita, kansa kuma ya bugu.

Da a zamanin da ne, watakila da maganar ta mutu a nan. Amma waɗanda ke zaune kusa sun ɗauki hoton abin da wayoyinsu, suka sa a Twitter da Facebook. Kafin gari ya waye labari ya gama Amurka, kafin kwana biyu ya kai har ƙasar Sin. Gani ya kori ji.

To, kafin mu duba abin da jaridu suka ce, ya kamata mu san al'adar da ta haifi wannan rigima. Kamfanonin jirgin sama sun daɗe da lura ko wane tashi akwai waɗanda su kan kama wuri su ƙi zuwa. Wani ya makara, wani ya fasa tafiya, wani jirgin da ya ɗauko shi bai iso da wuri ba. Kujera kuwa ba kamar buhun gero ba ce da za a ajiye a sayar gobe. In jirgi ya tashi da ita ba kowa, kuɗinta ya tafi ke nan. Don haka sai su sayar da tikiti fiye da yawan kujeru, suna lissafin waɗansu ba za su zo ba. Galibi lissafin ya kan yi daidai. Ran da kowa ya zo kuwa, sai a rasa wurin da za a sa wani.

Wannan ba sabon abu ba ne. A 1972 kamfanin Allegheny ya hana wani lauya, Ralph Nader, shiga jirgi daga Washington zuwa Hartford, ga shi da tikitinsa a hannu. Ashe sun taɓo wanda ba a taɓawa, gama sana'arsa ke nan kare hakkin masu saye. Ya kai ƙara, magana ta kai har Kotun Ƙoli, a 1976 ta ce yana da ikon ya nemi hakkinsa gaban alƙali. Tun 1968 kuma wani masanin tattalin arziki, Julian Simon, ya ba da shawara a riƙa yin ciniki da fasinjoji, watau a yi ta ƙara tayi har a sami wanda ya yarda ya sauka don kansa. A 1978 hukuma ta karɓi wannan dabara. Tun daga nan doka ta ce sai an nemi masu sauka da son ransu tukuna, in an rasa sa'an nan a hana wani shiga, a biya shi diyya. A 2017 iyakar diyyar da doka ta wajabta dala 1,350 ce.

Sukar da jaridu suka yi wa United ta kasu kashi huɗu.

Na farko, rowa. Editoci suka ce me ya sa aka tsai da tayi tun bai kai ko'ina ba? Da an ci gaba da ƙarawa, lalle da an sami mai cewa ya sallama. Waɗansu kuma suka tuna wa kamfanin tsakanin Shikago da Louisville mil 300 ne ko kusa, tafiyar kamar awa biyar a mota. Da an ɗaukar wa ma'aikatan nan mota, da ba a zub da jinin kowa ba.

Na biyu, sharuɗɗan tikiti. Duk wanda ya sayi tikiti ya yarda ke nan da wata doguwar yarjejeniya wadda da wuya ka sami fasinjan da ya taɓa karanta ta. Cikinta kamfanin ya ce yana da ikon hana mutum shiga jirgi, kuma wajen zaɓen wanda za a hana a kan duba irin kuɗin da ya biya, da yawan tafiyarsa da kamfanin, da lokacin da ya iso. Jaridu suka ce ashe mai tikitin araha shi ne na farkon fita. Masu kare kamfanin suka ce ai kowa ya sayi rariya ya san ta yi zuba. Lauyoyi suka amsa cikin jaridu, suka ce sharaɗin yana maganar hana shiga ne, mutumin nan kuwa ya riga ya shiga ya zauna. Bugu da ƙari, jirgin ba a sayar da tikitinsa fiye da kujeru ba. Cika kawai ya yi, kamfani ya so ya ba mutanensa wurin waɗanda suka biya.

Na uku, kiran masu tsaro. Aka ce gardama ce ta ciniki tsakanin mai saye da mai sayarwa, ba wanda ya yi sata, ba wanda ya tsorata jirgi. Ina dalilin da kamfani zai ari ƙarfin hukuma don ya raba ta?

Na huɗu, bakin shugaban kamfanin, Oscar Munoz, shi ne kuwa ya fi jawo surutu. Ran 10 ga wata ya ba da haƙuri, amma a kan an sake wa fasinjoji wurin zama, bai ambaci raunin da aka yi wa dattijon ba. A wannan rana ya rubuta wa ma'aikatansa takarda yana ɗora wa fasinjan laifin taurin kai, takardar kuwa ta faɗa hannun 'yan jarida. Abin dariya, wata guda kafin nan wata mujalla mai suna PRWeek ta ba shi lambar gwanin iya magana da jama'a na shekara. Masu zanen ban dariya da masu wasan talabijin suka samu abin yi. Sai ran 11 ga wata ya fito sosai ya ce laifin nasu ne.

Su ma jaridun ba su fita sumul ba. Wata jarida ta Louisville ta tono tsohon tarihin likitan ta buga, masu karatu da waɗansu 'yan jarida suka yi mata ca, suka ce abin da mutum ya yi shekarun baya ba shi ne ya ba wani ikon jan sa a ƙasa ba.

Shin sukar ta yi amfani? Ta yi. Ran 27 ga Afrilu United ya shirya da likitan a kan kuɗin da ba a bayyana ba. A ran nan kuma ya yi shelar sababbin ƙa'idodi: ba za a ƙara saukar da wanda ya riga ya zauna ba sai don tsaron lafiya, ba za a kira masu tsaro kan maganar kujera ba, tayi kuma yana iya kaiwa dala 10,000. Kamfanin Southwest ya ce ya bar sayar da tikiti fiye da kujeru. Ran 2 ga Mayu Munoz ya tsaya gaban 'yan majalisa a Washington yana amsa tambayoyi, shugabancin hukumar kamfanin da aka yi masa alkawari kuma aka fasa ba shi a 2018. Birnin Shikago ya kori biyu daga cikin masu tsaron. A 2018 majalisa ta yi doka ta hana fid da fasinjan da aka riga aka karɓi takardarsa ta shiga, sai da dalilin tsaro ko makamancinsa. A 2025 aka ɗaga iyakar diyya zuwa dala 2,150.

Duk da haka Ma'aikatar Sufuri ba ta ci United tara ba, sayar da tikiti fiye da kujeru kuma bai zama laifi ba a Amurka. A ƙasashen Tarayyar Turai ma halal ne, sai dai dokar 2004 ta yanka diyya daga yuro 250 zuwa 600, gwargwadon nisan tafiya.

Saboda haka, kai mai tafiya, in ka ji ana neman mai sauka, ka tambaya tsabar kuɗi ne ko takarda, kuma yaushe jirgi na gaba zai tashi. In kuwa an hana ka shiga a Amurka ba da sonka ba, kana da ikon ka ce kuɗi ka ke so, a kuma ba ka hakkinka a rubuce. Allah ya kai kowa gida lafiya, amin.