Dabarun Ɗaukar Hoton Haja da Abinci Domin Talla

1.0 Gabatarwa

Bahaushe kan ce, "gani ya kori ji." Wannan ne ya sa mai turare ko mai atamfa a kasuwar Sabon Garin Zariya yake neman hoton hajarsa domin allon talla ko shafin Facebook. Haka abin yake ga masu sayar da abinci a Samaru, waɗanda akasarin masu cinikinsu ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ne, wadda aka kafa a 1962. Sai dai irin wannan hoto ba ɗauka kawai ake yi ba, shirya shi ake yi a ɗakin hoto.

2.0 Haske da Shimfiɗa

Haske shi ne ginshiƙin wannan sana'a. Ba a haska haja daga gaba, domin hakan kan shafe inuwa, ta fito tamkar zane a bango. Akan ajiye fitila a gefe ko a baya, a rataya farin yadi a gabanta don ya tausasa hasken, sannan a kafa farin kwali a ɗaya gefen ya mayar da haske inda ya yi duhu. Kwalbar turare daga baya ake haska ta, sai launin ruwan ya bayyana. Idan an ɗauke wuta, hasken taga da hantsi ya wadatar.

Shimfiɗa kuwa farar takarda ce mai faɗi, wadda ake saukowa da ita daga bango zuwa tebur ba tare da an karya ta ba, don kada kusurwa ta fito. A lokacin hunturu wajibi ne a goge haja kafin kowace ɗauka, saboda kyamara na ganin ƙurar da ido bai gani ba.

3.0 Hoton Abinci

Abinci ya fi wuyar sha'ani, domin yakan huce ya bushe cikin mintoci kaɗan. Saboda haka masu sana'ar ke amfani da dabaru kamar haka:

(a) Shafa wa tsire ko gasasshiyar kaza man gyaɗa da buroshi don ƙyallinsu ya dawo.

(b) Ɓoye audugar da aka tsoma a tafasasshen ruwa a bayan malmalar tuwo, tururinta ya riƙa tashi.

(c) Fesa wa kwalbar zoɓo ruwan da aka gauraya da gilisirin, ya tsaya kamar raɓar sanyi.

(d) Sa ƙanƙarar roba a kofi, tunda ta gaske narkewa take yi.

4.0 Tsakanin Ado da Algus

A nan ne gizo ke saƙa. Dabarar da ta dawo wa abinci da kamanninsa na lokacin da aka sauke shi ado ce. Wadda kuwa ta ƙara masa yawa ko ta ɓoye aibinsa algus ce, daidai da jera manyan tumatir a saman kwando alhali ruɓaɓɓu na ƙasa. A Amurka, a 1968, an gano cewa a tallar miyar gwangwani ta kamfanin Campbell's an zuba ƙwallayen gilashi a gindin kwano don kayan miyar su taso sama, lamarin da ya kai ga hukumar ciniki ta ƙasar. A Nijeriya, hukumar ARCON, wadda ta maye gurbin APCON a 2022, ita doka ta ɗora wa tantance tallace-tallace.

5.0 Kammalawa

A taƙaice, hoton talla alkawari ne tsakanin mai haja da mai saye, kuma kyan alkawari cikawa. Hoton da ya zarce gaskiyar haja kyan ɗan maciji ne: yakan jawo ciniki sau ɗaya, ya kori mai saye har abada.

Auna Fahimta

1. Me ya sa ba a haska haja daga gaba?
2. Bambanta ado da algus, tare da misalai daga kasuwar garinku.