A Amurka, Ɗalibin da Ya Fara da Mummunan Maki Yana Iya Zama Likita?

A Nijar, kamar sauran ƙasashen da suka gaji tsarin lakwal na Faransa, yaron da ke son likitanci da ya samu baka sai ya nufi sashen koyon aikin likita kai tsaye, a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ko a Maraɗi, ko a Damagaram. A Amurka ba haka hanyar take ba. Can sai mutum ya fara yin shekara 4 a jami'a ya karɓi digirin farko, sannan ya kai takardunsa makarantar likita, inda wasu shekaru 4 ke jiransa. Bayan su kuma akwai koyon aiki cikin asibiti na shekara 3 zuwa 7, gwargwadon fannin da ya zaɓa. Ke nan abin da yaro ya yi yana ɗan shekara 18, sabon rabuwa da gidan iyaye, shi za a shimfiɗa gaban malamai ranar da ya zo neman wuri yana ɗan 22 ko 25. Wanda ya yi tuntuɓe a shekararsa ta farko ƙofa ba ta rufe masa ba, amma kuma ba a share masa komi daga takarda.

Can ba a ba da maki bisa 20. Haruffa ake ba ɗalibi: A daidai take da 4, B da 3, C da 2, D da 1, F kuwa sifiri ce, watau faɗuwa. Sai a haɗa na dukan darussa a fitar da matsakaici, abin da ƴan lakwal ke ce wa mwayan, Amurkawa kuma GPA. Yawancin makarantun likita suna karɓar takardun masu nema ta ofishi guda mai suna AMCAS, wanda ƙungiyarsu ta ƙasa, AAMC, ke gudanarwa. Ofishin nan yana bukatar takardar sakamako daga kowace jami'a da mutum ya taɓa zama, ko da darasi ɗaya tak ya ɗauka. Idan ɗalibi ya faɗi wani darasi ya maimaita shi ya samu A, jami'arsa tana iya yafe masa faɗuwar farko. AMCAS ba ta yafewa, dukan biyun take lissafawa.

Ga kuma yawan masu nema. Cikin shekara ta 2021 mutum fiye da 62.000 suka nemi shiga waɗannan makarantu, waɗanda suka shiga ba su kai 23.000 ba. A 2023 masu nema sun ragu zuwa wajen 52.000, amma duk da haka fiye da rabinsu sun koma gida hannu wofi. Matsakaicin makin waɗanda aka ɗauka a shekarun nan ya haura 3,7 bisa 4.

To, a duba lissafi, domin a nan wahalar take. Ɗalibin da ya gama shekarar farko da 2,5, sannan ya farka ya yi shekara 3 yana cin 4 cif ba tare da kuskure ko ɗaya ba, zai fita da kusan 3,6. In kuwa shekara 2 ya ɓata, sauran 2 ya ci 4, to 3,25 zai samu. Ko da ya ƙara shekara guda cikakka yana cin A a kowane darasi, 3,4 kawai zai kai. Mwayan abu ne mai saurin gangarowa, mai nauyin hawa. Da lamba guda ɗaya malamai ke dubawa, da irin wannan ɗalibi ba ya da ta cewa.

Sai dai AMCAS ba ta tsaya ga lamba ɗaya ba. Tana rarraba sakamakon shekara-shekara, ta farko dabam, ta biyu dabam, har zuwa ta huɗu. Tana kuma ware makin darussan kimiyya, watau ilmin halittu, da shimi, da fizik, da lissafi, daga na sauran darussa. Saboda haka malamin da ke duba takarda yana ganin inda mutum ya fito da inda ya dosa. Mai 3,5 da ya fara da 2,8 ya ƙare da 3,9 ba ɗaya yake da mai 3,5 da ya fara sama yana ta gangarowa ba, ko da yake jimillarsu ɗaya ce. Hujjar makarantun a fili take: darussan shekarun ƙarshe sun fi wuya, sun kuma fi kama da abin da za a tarar a makarantar likita, don haka su suka fi faɗin gaskiyar ɗalibi. Wannan hukunci ne na hankali. Abin tsoro kawai shi ne, takardu sun yi yawa, makaranta guda tana karɓar dubbai, kuma waɗansu kan tace su da lamba tun kafin idon mutum ya kai gare su.

Me ke kayar da yaro tun farko? Sau da yawa ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Wani ya fito lise marar ɗakin gwaje-gwaje ya tarar da ƴan uwansa sun riga shi nisa. Wani yana aikin dare don ya biya ɗaki da abinci. Wani kuwa shi ne na farko a zuriyarsu da ya taka jami'a, ba mai gaya masa kada ya ɗora wa kansa darussa masu nauyi huɗu a zango guda. Akwai kuma darasi ɗaya da ya yi suna wajen karya masu burin likitanci, shi ne shimin sinadaran da ke cikin abubuwa masu rai, wanda aka fi koyarwa a shekara ta biyu. Har a 2022 Jami'ar Niyok ta sallami wani tsohon malamin darasin bayan ɗalibai 82 cikin 350 sun sa hannu a takardar koke cewa ya tsananta. An yi ta muhawara a jaridu: waɗansu suka ce an lalata ilmi, waɗansu suka ce ba a taɓa auna likitan kirki da darasi guda ba.

Babbar damar da ke gaban mai son gyara sunansa ita ce jarrabawar shiga da ake kira MCAT. Tun 2015 sassa 4 gare ta, ana wuni a kanta wajen awa 7 da rabi, makinta kuma daga 472 ne zuwa 528. Waɗanda ake ɗauka matsakaicinsu bai wuce 511 ko 512 ba. Kowa ma'auni ɗaya ake yi masa, ɗan babbar jami'a da ɗan ƙarama. Mai raunin maki da ya ci ta da kyau ya ba malamai shaidar cewa ilmin yana kansa yanzu. Amma ba a shigarta don gwada sa'a: sau 7 kawai mutum ke da izinin zama a rayuwarsa, kuma makarantu suna ganin sakamakon kowane zama.

Wanda ramin da ya faɗa ya yi zurfi sai ya koma aji bayan digiri. Jami'o'i da dama suna da shiri na shekara 1 ko 2 inda mai digiri ke ɗaukar darussan kimiyya masu nauyi, makinsu kuma ya shiga cikin tsohon lissafinsa. Akwai wanda ya fi wannan tsanani, irin na Jami'ar Jojtawun da ke birnin Washinton, wanda aka buɗe tun 1975: ɗalibi yana zama darussa tare da ƴan shekarar farko na makarantar likita, a auna shi da su. In ya yi fice, gardama ta ƙare, ya nuna zai iya. In ya sake faɗuwa a nan, da wuya wata makaranta ta ƙara sauraronsa. Domin haka masu ba ɗalibai shawara kan ce kada mutum ya shiga sai ya gano ainihin abin da ya kayar da shi da fari, ya kuma magance shi.

A nan ne labarin Ben Carson ke da amfani. Cikin littafinsa Gifted Hands na 1990 ya faɗi cewa a zangonsa na farko a Jami'ar Yel saura ƙiris ya faɗi shimi, domin ya zo da ɗabi'ar karatun daren jarrabawa wadda ta fisshe shi a lise. Jarrabawar ƙarshe ce ta cece shi. A 1984, yana ɗan shekara 33, ya zama shugaban sashen tiyatar ƙwaƙwalwar yara a asibitin Johns Hopkins. Labarin yana da daɗin ji, iyaye kuma suna son ba da shi. Amma abin ɗauka a cikinsa shi ne mutumin ya canza yadda yake karatu. Sa'annan shi ya tsira tun kafin a rubuta masa faɗuwa, yawancin ɗalibai kuwa sai alƙalami ya bushe suke farga.

Cikin takardun nema akwai wasiƙar da mutum ke bayyana kansa, wadda ba ta wuce harafi 5.300 ba, daga baya kuma a kira shi ganawa. Malamai sun gaji da jin an ɗora laifi a kan mugun malami. Abin da ke shiga kunnensu shi ne gajeren bayani: ga abin da ya faru, ga abin da aka gyara, ga sakamakon da ya biyo. Shekarun da mutum ya yi yana hidimar marasa lafiya, a motar ɗaukar majinyata ko a gidan tsofaffi, su ma suna da nauyi a ma'auni, ko da yake ba su maye gurbin maki.

Ƙofofi na gefe ma akwai su. Amurka tana da wani reshe na makarantun likita masu ba da digirin DO, wanda asalinsa ya koma ga makarantar da Andrew Taylor Still ya buɗe a jihar Mizuri a 1892. Masu wannan digiri cikakkun likitoci ne, suna rubuta magani suna yin tiyata, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban likitanci na ƙasar can suke. Makin da suke karɓa ya ɗan fi sauƙi. Dā sukan share tsohon maki idan an maimaita darasi, amma sun daina tun 2017. Jihar Teksas kuwa ta yi doka a 1993 wadda ta ba ɗan jihar damar a manta da darussan da ya yi shekara 10 baya, da sharaɗin a zubar da su duka, masu kyau da marasa kyau. Waɗanda duk aka ƙi kan haura tsibiran Karibiyan, kamar Giranada, inda aka kafa makarantar likita a 1976. Ɗalibanta ne Amurka ta ce ta je ceto lokacin da ta kai sojoji tsibirin a 1983. Shiga can ba wuya, kuɗi da yawa, waɗanda ba su kai ƙarshe ba kuma ba kaɗan ba ne, bashi na bin su.

In aka kwatanta da Faransa, lalle tsarin Amurka ya fi haƙuri. Daga 1971 zuwa 2020 gwamnatin Faransa ce ke yanke yawan waɗanda za su wuce shekarar farko ta likitanci, ta hanyar gasa, kuma wanda ya faɗi sau biyu ya yi sallama da burinsa in ba da uzuri mai ƙarfi ba. A Amurka mai shekara 30 yana iya dawowa ya sake gwadawa. Sai dai haƙurin nan na sayarwa ne. Shekarar gyaran maki tana cin dubban daloli, ga kuɗin jarrabawa, ga kuɗin ajiye takarda a kowace makaranta, ga shekarun da mutum ba ya karɓar albashin kirki. Ɗan mai hali da ya ɓata shekara wajen shagali mahaifinsa na iya saya masa zama na biyu. Ɗan talakan da aikin dare ya kayar, shi da ya fi cancantar a yi masa uzuri, shi ne ke rasa abin biya. Mafi yawan sababbin likitocin ƙasar suna fita da bashin karatu, wanda matsakaicinsa ya kai wajen dala 200.000, fiye da miliyan 100 na sefa. Dokar da aka sa wa hannu cikin watan Yuli na 2025 ta ƙayyade rancen da gwamnatin tarayya ke ba irin waɗannan ɗalibai, daga 1 ga Yuli na 2026: dala 50.000 a shekara, 200.000 gaba ɗaya.

Ga baƙon da ya zo daga waje kuwa hanyar ta fi ƙunci. Makarantun da ke ɗaukar wanda ba ɗan ƙasa ba kaɗan ne, yawancinsu suna son ya yi darussan kimiyyarsa a jami'ar Amurka ko ta Kanada, rancen gwamnati kuma ba ya kai gare shi.